Waƙa a Bakin Mai Ita

'Ya'yana, bari in fara da wani kuskure da na yi, domin daga gare shi na koyi yawancin abin da zan faɗa muku.

A shekarun da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari, an tura ni wani sansanin 'yan gudun hijira a bayan garin Maiduguri in haɗo rahoton rediyo na minti huɗu. Na isa da hantsi, rana ta fara cizo, mata sun jera jarkoki a bakin famfo. Wata ma'aikaciyar agaji ta nuna mini wata mata zaune a ƙofar tantinta tana tsince wake a faifai, ta ce mini, "Waccan tana da labari." Na yi sallama, na durƙusa, tun ba ta gama amsa gaisuwa ba na danna rikoda. Babarbariya ce, Hausarta ba yawa, wata yarinya ce ke mana tafinta. Na tambaye ta yadda aka kashe mijinta, ta faɗa a taƙaice. Na sake jefo tambayar ta wata fuska. Na ƙara. Jira nake muryarta ta karye, don na san irin muryar da ake so a ɗakin labarai. Da hawaye suka zubo, sai na ji a raina aiki ya kammala. Ina naɗe igiyar makirufo ta kamo gefen mayafina, ta yi magana, yarinyar ta fassara: "Inna ta ce ba ki tambaye ta abin da take so ba." Na ba ta haƙuri, na ce direba na jira, na tashi.

Sai bayan mako uku na koma, na tarar an mayar da ita wani sansanin, ban kuma sake ganinta ba har yau. Maƙwabtanta suka ba ni labarin wadda na zauna da ita ban sani ba. Ita ce ta kashe rigimar famfo tsakanin matan garuruwa biyu da kullum sai sun ba hamata iska, ta raba musu lokacin ɗiba, waɗannan da asuba, waɗancan bayan la'asar. Ita ce kuma take bi tanti tanti da wata 'yar makaranta, suna rubuta sunayen mazajen da aka kama ba a sake jin ɗuriyarsu ba, a cikin littafin rubutu na yara. Abin da take so shi ne a karanta sunayen a rediyo, ko wani zai ji ya ce ya ga wane a wuri kaza. Kukanta na watsa wa duniya. Littafin kuwa yana ƙarƙashin tabarmar da na zauna a kai, ban ko san da shi ba.

Yanzu ku ne ke riƙe da kayan aikin. Wayar da ke hannun ɗalibar sakandare a yau ta fi rikodar da na yi shekaru ina yawo da ita iya naɗar murya, ga hoto, ga bidiyo, ga hanyar da za ta kai saƙo Yamai ko Kumasi ko Khartum kafin a ce kwabo. Ina jin da yawanku na cewa kuna son ku ba mata murya. Niyyar tana da kyau, Allah ya ba ku lada, amma ku gyara kalmar tun daga farko, don ita ce ke kai mutum ga irin kuskurena. Mata ba su rasa murya ba. Wa ya fara ba ku labari a duniya? Kaka ce ko gwaggo, da dare a tsakar gida, ta ce ga ta nan ga ta nanku, kuka ce ta zo mu ji ta. A bakinta kuka fara sanin ƙarshen mai haɗama da abin da ke faruwa da marainiyar da aka zalunta. Abin da mata suka rasa shi ne mai saurare da gaskiya, wanda zai ɗauki maganarsu ya kai ta inda ake yanke hukunci ba tare da ya sauya mata kama a hanya ba. Aikinku ke nan, kuma sunansa amana.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tarar da ƙasa ta fito daga yaƙi, cike da zawarawa da marayu da matan da aka kamo daga garuruwa daban daban. Ba ta da rediyo, ba ta da maɗaba'a. Sai ta tsara karatu cikin waƙa, da Fulatanci da Hausa da Larabci, don mai niƙa da mai kaɗi su iya haddacewa. Ta naɗa jajis, dattawan mata da ta ɗora wa malafa da jan rawani a matsayin alamar izini, su zo wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyukansu su koyar. Su da matan da suke koyarwa su ne 'Yan Taru. Ku duba hikimar: ta yi magana da harshen da matan ke ji, ta kuma sa saƙon a bakin mutanen da aka riga aka amince da su. Duk wanda ya ce muku fitar muryar mace a kan al'amuran jama'a ɗabi'a ce da aka shigo mana da ita daga waje, ku tambaye shi ko ya san wannan tarihin. Ku tuna masa kuma da Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka yi ta ɗaurewa saboda ta hau dandalin jam'iyyar NEPU tana neman wa mata haƙƙin ƙuri'a, haƙƙin da matan Arewa ba su samu ba sai a 1976, shekara 16 bayan samun 'yancin kai.

Akwai labarin da nake so kowane ɗan jarida matashi ya sani ciki da bai, na matan Laberiya. A 2003 ƙasar ta shekara 14 tana shiga yaƙi tana fita. Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai suna Leymah Gbowee ta tara matan coci, wata 'yar sanda Musulma, Asatu Bah Kenneth, ta kawo matan masallaci, suka haɗe. Suka sa fararen kaya, suka riƙa zama a fili kusa da kasuwar kifi ta Monrobiya, a kan hanyar da ayarin motocin Shugaba Charles Taylor ke bi, rana da ruwa, suna addu'a suna cewa zaman lafiya kawai suke so. Har sai da Taylor ya yarda ya gana da su a watan Afrilu. Da aka buɗe taron sulhu a Akara ta ƙasar Gana, sai shugabannin mayaƙa suka mayar da shi hutu a otal, makonni na wucewa ana kashe mutane a gida. Matan suka yi karo karo suka bi su can. Wata rana suka zauna a ƙofar zauren taron suka sarƙe hannuwa, suka ce ba mai fita sai an cim ma matsaya. Mai shiga tsakani a taron ba wani ba ne, tsohon shugabanmu ne Janar Abdulsalami Abubakar, kuma bai sa an kore su ba, ya mara musu baya. Ranar 11 ga Agusta Taylor ya sauka ya taho gudun hijira Kalaba, ranar 18 ga wata aka sa hannu a yarjejeniya.

Ga inda labarin ya shafe ku. A lokacin da ake wannan duka, kyamarorin duniya suna Monrobiya, amma abin da suke ɗauka shi ne yara masu bindiga da gawarwaki a titi. Matan fararen kaya ba su cika musu ido ba. Da wasu mata biyu 'yan Amurka, Abigail Disney da Gini Reticker, suka tashi yin fim a kan gwagwarmayar, sai da suka sha wahala kafin su tono hotunan matan, saboda kaɗan ne suka damu su ɗauka. Fim ɗin ya fito a 2008, kuma da shi ne mutane da yawa a duniya suka fara jin sunan Leymah Gbowee, wadda ta karɓi kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2011 tare da Shugaba Ellen Johnson Sirleaf da Tawakkol Karman ta Yaman. Da ba a samu masu bin sawu ba, da tarihi ya ce janar janar ne suka kawo ƙarshen yaƙin Laberiya, a shafe matan kasuwar kifi kamar ba a yi su ba. Ina yawan tambayar kaina mata nawa ne irinsu a Zamfara da Katsina da Maraɗi da Difa a yau, waɗanda ke shiga tsakani suna kashe wuta, mu kuma muna can muna ƙirga gawa.

Kuma muna da su, ba sai an je nesa ba. Bayan kisan da aka yi a ƙauyen Dogo Nahawa kusa da Jos a watan Maris na 2010, Fasto Esther Ibanga ta jagoranci matan Kirista zanga-zanga. Matan Musulmi su ma suka fito da tasu, suna kukan nasu mutanen da aka kashe a Kuru Karama watanni biyu kafin nan. Kowane ɓangare da gawarsa, kowane da rediyon da yake saurare. Sai Esther ta nemi jagorar matan Musulmi, Hajiya Khadija Hawaja, suka zauna, suka gane ciwo ɗaya ne ke cin su, suka kafa ƙungiya guda ta mata ba tare da katangar addini ba. A Borno akwai matan ƙungiyar Knifar, 'yan gudun hijira daga yankin Bama, waɗanda aka tsare mazajensu shekaru ba shari'a. Yawancinsu ba su yi boko ba, amma sun tattara sunaye, sun kai ƙorafi a rubuce, sun yi magana da 'yan jarida har abin ya kai kunnen hukuma, kuma daga baya an sako wasu daga cikin mazajen. Hajiya Hamsatu Allamin, wadda ta tsaya musu, ta tsaya gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Afrilun 2015 ta faɗi halin da matan Arewa maso Gabas ke ciki. Duk lokacin da na ji labarin matan Knifar sai in tuna da littafin nan na ƙarƙashin tabarma.

To idan kun je wurin mace da abin ya shafa, kada ku tsaya a kan me aka yi miki. Ku tambaye ta me ta yi, wa ta ɓoye, yaya ta ciyar da yara a daji, me take ganin zai hana abin sake faruwa, wa take so ya ji maganarta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ke zuwa itace ta fi kwamishina sanin hanyar da mahara ke bi, uwa kuma ta fi kowa saurin gane ranar da ɗanta ya fara canja abokai. Ku kira ta shiri a matsayin masaniya, ku sa ta kujera ɗaya da malami da ɗan siyasa, ba a ƙarshen shiri ba inda ake cewa bari mu ji ta bakin iyayenmu mata saura minti biyu. Fati Abubakar, ma'aikaciyar jinya 'yar Maiduguri, ta gaji da ganin garinsu a jaridu ba komai sai hayaƙi da jini, sai a 2015 ta ɗauki kyamara ta shiga kasuwa da gidajen biki da makarantu, tana sa hotunan a Instagram tare da maganar mutanen da kansu. Ba ta ɓoye ɓarnar ba, amma ta nuna masu rai suna rayuwa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi tayar mini da hankali game da zamaninku, wato sutura. Magana zarar bunu ce, kuma ta intanet ta fi kowace, don ba ta ruɓewa. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ko wadda ta kuɓuto daga hannun 'yan bindiga da ciki, idan kuka sa fuskarta a Facebook ko TikTok yau, ku za ku samu mabiya, ita kuwa za ta koma unguwar da kowa ya gani. A Borno an riƙa kiran matan da suka dawo daga daji annoba, ana hana yara wasa da 'ya'yansu. Bayan shekara goma, ranar da aka zo neman aurenta ko auren ƙanwarta, wani zai tono bidiyon ya tura wa dangin miji. Kun tafi da labarinku tuni, ita ce za ta kwana da shi. Saboda haka neman izini ba cewa "zan ɗauke ki" ba ne kuna riga kun saita kyamara. Ku zauna, ku gaya mata da harshenta inda maganar za ta je, wa zai iya ji, cewa mijinta da surukarta da ma waɗanda suka cuce ta za su iya gani. Ku ba ta zaɓin sakaya suna, rufe fuska, sauya murya. Ku kula da bayan hoto ma: allon makaranta, ƙofar masallaci, bishiyar da duk ɗan garin ya sani, duk suna tona asiri. Idan ƙaramar yarinya ce, amincewarta kaɗai ba ta isa ba, kuma sau da yawa alheri shi ne a bar fuskarta gaba ɗaya. In ta ce a tsaya, a tsaya, ko da maganar ta kai wurin da ya fi daɗin ji. In ta bugo waya gobe ta ce ta fasa, ku janye. Na san akwai zafi mutum ya yi tafiyar kwana biyu ya dawo hannu rabbana, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wannan ba yana nufin a yi shiru ba. Shirun ne ya daɗe yana kare azzalumai da sunan rufin asiri, a ce wa yarinya ta yi haƙuri kada a ɓata sunan gida, mai laifin kuma ya ci gaba da sallah a sahun gaba. Lokacin da 'yan matan Arewa suka fara faɗin abin da aka yi musu a intanet a 2019 ƙarƙashin maudu'in ArewaMeToo, an zage su, an yi musu barazana, har aka kama ɗaya daga cikin masu fafutukar, Maryam Awaisu, a Kaduna. Duk da haka sun buɗe ƙofar da ba ta sake rufuwa ba. Asirin wadda aka zalunta ake rufawa, ba na zaluncin ba. Haka kuma matan da suka riƙa zama kullum a dandalin Unity Fountain na Abuja bayan sace 'yan mata 276 a Chibok ranar 14 ga Afrilu 2014, irin su Oby Ezekwesili da Hadiza Bala Usman da Aisha Yesufu, su ne suka hana a binne maganar. Sai dai ku lura da wani abu a nan ma: duniya ta haddace Chibok, amma dubban matan da aka sace a ƙauyukan da ba su yi suna ba babu mai ambatonsu. Ku je inda kyamarori ba su je ba.

Ku kuma tantance kafin ku yaɗa. Kasancewar murya ta mace ce bai sa ta zama ta zaman lafiya ba. A Ruwanda a 1994, cikin masu gabatar da shiri a gidan rediyon RTLM da ya riƙa ingiza mutane su kashe maƙwabtansu 'yan Tutsi har da mace, Valérie Bemeriki, wadda aka yanke wa ɗaurin rai da rai a 2009. Saƙon muryar nan da ke yawo a WhatsApp, wata na kuka tana cewa ƙabila kaza sun shigo suna yanka mutane, kafin ku tura ku nemi sanin wace ce, a ina, yaushe. Na ga tsohon bidiyo daga wata ƙasa ya sa an rufe kasuwa a nan.

Wani abin da rahoto ba ya iya ɗauka, ƙagaggen labari na iya ɗauka, don yana ba mace damar faɗin gaskiya ba tare da ta nuna kanta ba. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana shekara 13. Da ta girma ta koma karatu, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990, littafin da ya shiga ɗakunan da babu mai wa'azin 'yancin mata da zai iya shiga. An raina irin waɗannan littattafai, an kira su adabin kasuwar Kano, amma su ne matan aure ke karɓa aro daga hannu zuwa hannu, ana kuma karanta su a rediyo. Da sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Ku masu rubuta fim, ina roƙonku, mun ga kishiya mai zuwa wurin boka har mun gaji. Ku nuna mana ungozoma da ke karɓar haihuwar Musulma da Kirista, ku nuna mana uwar da ta bi ɗanta har daji ta dawo da shi, da bazawarar da ta je kotu ta karɓo gadon 'ya'yanta.

Ku san doka kaɗan, don kuka ba tare da sanin haƙƙi ba yakan tsaya a tausayi. Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325 ranar 31 ga Oktoba 2000, wanda ya ce a sa mata a teburin sulhu, kuma Najeriya ta fitar da tsarinta na aiwatar da shi a 2013. Akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda sai jiha ta amince da ita take aiki a cikinta, don haka ku bincika matsayin jiharku. Ku san kuma abin da Musulunci ya ba mace na gado da sadaki da ciyarwa da neman yardarta kafin aure, ku nemo malamai mata su faɗa da bakinsu. Duk shirin da kuka yi a kan cin zarafi, ku rufe shi da inda mai irin wannan matsala za ta je, da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Zabarmanci, ba da Turancin da aka rubuta don masu ba da tallafi ba.

Kai ɗana namiji, kada ka ce wannan ba ruwanka. Yawancin editoci da masu kyamara da masu gidajen rediyo maza ne, kuma akwai majalisar da ƙanwarka ba za ta iya zama ba, kai kana zama kullum. Amma idan za a shiga cikin gida a ji maganar da mace ba za ta iya yi gaban namiji ba, ka miƙa wa abokiyar aikinka rikodar ka jira a zaure, kuma sunanta ya fito a kan aikin.

Mafi cikakken labarin rayuwar Bahaushiyar da ta ga zamanin kafin zuwan Turawa da muke da shi, na wata tsohuwa ce, Baba ta Karo. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin aurarrakinta da ƙawayenta da yadda mahara ke kama mutane a sayar ko a fanshe su, aka buga shi da Turanci a 1954. Na gode wa Mary Smith da ta yi haƙurin zama, amma yana mini ciwo cewa sai da baƙuwa ta tsallako teku kafin a samu mai tambaya. Kakarku tana nan, ko gwaggon babanku, ko tsohuwar da ke sayar da daddawa a layinku. Wata ta ga yunwar 1973, wata ta ɓoye maƙwabta a ɗakinta lokacin rikicin Kaduna na 2000, wata tana tuna ranar da ta fara dangwala ƙuri'a. A wannan makon ku cika wa waya caji, ku sayi goro, ku je bayan sallar isha'i lokacin da gida ya yi shiru. Ku nemi izininta, ku ajiye wayar a kan tabarma kusa da ita, ku yi tambaya ɗaya ku kama bakinku. In ta yi shiru kada ku cike mata shirun, tana lalubo abin ne. In ta gama ku tambaye ta ko akwai abin da take so ta faɗa da ba ku tambaya ba. Ku rubuta sunanta da garinsu da kwanan wata a jikin muryar, sannan ku kunna mata ta ji kanta kafin kowa ya ji.